Fartenon da gyaran gangar Auzinawa: yadda ƙarfe ya fasa dutsen da ya haura shekara 2,300

Idan ka nemi hoton Fartenon a intanet, wato tsohon ginin nan mai jerin ginshiƙai da ke saman tsaunin Akrofolis a Atens, babban birnin Girka, da wuya ka samu na zamanin nan wanda babu ƙarafunan hawa na magina ko injin ɗaga kaya a jikinsa. Sama da shekara arba'in ke nan ana aiki a kansa. Shi kuwa ginin, an fara shi a shekara ta 447 kafin Miladiyya, cikin shekara tara aka tsayar da shi, ragowar sassaƙar ado ta ƙare a 432. To me ake gyarawa haka da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa?

Ni dai na daɗe ina ɗauka tsufa ne kawai da ɓarnar yaƙi. Sai daga baya na gane cewa babban kaso na aikin, warware wani gyara ne da aka yi tsakanin 1898 da 1933, ƙarƙashin wani injiniya mai suna Nikolaos Balanos. Mutumin nan ba mugu ba ne, ba kuma ɗan koyo ba ne. Gwamnati ce ta sa shi, masana sun yaba masa, kuma siffar Fartenon da duniya ta sani a yau, shi ya tayar da ita daga tarin duwatsu. Amma abin da ya binne a cikin duwatsun ya kusa tarwatsa su. Kafin mu fahimci kuskurensa, sai mun fara ganin abin da magina na farko suka yi.

Gini ba kwaɓi

An gina Fartenon da farin dutsen mabul da aka fasa daga tsaunin Fenteli, tafiyar kusan kilomita 16 daga wurin. Babu kwaɓi ko kaɗan tsakanin duwatsun. Goge fuskokinsu aka yi har suka kwanta a kan juna, ko bakin wuƙa ba ya samun wurin shiga. Ginshiƙai 46 da suka kewaye ginin, kowanne ya ɗan haura mita 10, su ma ba dutse ɗaya ba ne. Gunduwa-gunduwa ne masu kama da ganga, aka ɗora wannan kan wancan, da ɗan katako a tsakiya domin saiti.

Sai dai Girka ƙasa ce mai yawan girgizar ƙasa, nauyi kaɗai ba zai hana dutse zamewa ba. Don haka maginan sukan sassaƙe gurbi a duwatsu biyu maƙwabta, su kwantar da maɗaurin ƙarfe mai siffar harafin H ya kama su biyun. Daga nan sai su narka dalma su kwarara a gurbin har ta lulluɓe ƙarfen. Dalmar nan aiki biyu take yi. Tana hana ruwa da iska taɓa ƙarfen, sannan da yake tana da laushi, idan ƙasa ta motsa sai ta zama kamar matashi tsakanin ƙarfe da dutse. Ba su san sunan oksijin ba, amma sun san abin da damshi yake yi wa ƙarfe.

Akwai wani abu kuma. Ginin da ido yake gani a miƙe, kusan babu miƙaƙƙen layi a cikinsa. Daɓen da ginshiƙan ke tsaye a kai ya ɗan tasa a tsakiya, kimanin santimita 11 a gefen da tsawonsa ya kusa mita 70. Ginshiƙan sun ɗan sunkuya ciki, kowanne kuma yana da ɗan kumburi a jikinsa. Ma'anar wannan ita ce, duwatsun sun yi kama da juna amma ba ɗaya ba ne. Kowanne yana da gurbinsa da aka yanka shi dominsa. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

An yi ginin ne domin gunkiyar birnin, Atina. Wajen ƙarni na 6 aka mayar da shi coci, aka sauya ƙofar shiga, aka farfasa fuskokin gumaka da yawa. Bayan Daular Usmaniyya ta karɓi tsaunin a 1458 sai ya zama masallaci, aka yi masa hasumiya. Duk waɗannan sauye-sauye ne, kuma sun ci wani abu daga ginin. Amma ginin da ake shiga kullum ana share shi, ana toshe masa yoyo. Shi ya sa ya kai ƙarni na 17 a tsaye da rufinsa.

Ranar 26 ga Satumba, 1687, sojojin Benis ƙarƙashin Francesco Morosini suna yi wa tsaunin ƙawanya. Turkawa sun ajiye albarushi a cikin ginin, mata da yara kuma sun fake a ciki. Harsashin igwa ya faɗa. Mutum kusan 300 suka mutu, rufi ya tashi, bango ya zube, ginshiƙan tsakiya na dogayen ɓangarorin biyu suka kwanta. Morosini ya so ya tafi da dawakan dutse da ke saman fuskar yamma, garin sauko da su suka suɓuce suka farfashe. Daga baya mutane suka riƙa fasa duwatsun da suka faɗi don ciro dalma da ƙarfe. Daga 1801 kuma ma'aikatan Lord Elgin, jakadan Birtaniya a Istanbul, suka kwashe kusan rabin sassaƙar da ta rage, har da sa zarto suna yanke bayan duwatsu don su rage nauyi. Suna gidan tarihi na Landan har yau, rigimarsu kuma zance ne na wata ranar.

Wane Fartenon za a dawo da shi?

Da Girka ta samu 'yanci aka mayar da Atens babban birni a 1834, saman Akrofolis unguwa ce guda: gidaje, lunguna, barikin soja, da wani ƙaramin masallaci da aka gina a tsakiyar kufan Fartenon bayan fashewar. Sabon sarkin, Otto, ɗan Jamus ne daga Bafariya, kuma mai ba shi shawara kan gine-gine, Leo von Klenze, ya ce a fitar da soja, a kwashe duk abin da ba na zamanin tsoffin Girkawa ba. Haka aka yi. Ƙaramin masallacin ya fito a hoton farko da aka ɗauki wurin a 1839, 'yan shekaru bayan nan aka rushe shi. A tsakiyar shekarun 1870 aka rushe wata doguwar hasumiyar tsaro ta tsakiyar zamani da ke bakin ƙofar tsaunin, da kuɗin Heinrich Schliemann, mutumin da ya yi suna wajen tonon Turoyi. Daga 1885 zuwa 1890 aka tone tsaunin har sai da aka kai ga tsurar dutse.

A ganina wannan shi ne gyara na farko da ya zama ɓarna, ko da yake ba a cika lissafa shi ba. An zaɓi ƙarni ɗaya daga cikin ƙarni ashirin da wani abu, aka ce shi ne tarihi, sauran kuwa datti ne. Dutsen da ya tsage ana iya ɗinke shi. Unguwar da aka kwashe aka zubar a gangare ba ta da magani.

Sai Balanos

A 1894 girgizar ƙasa ta girgiza Atens, ta sako gutsattsarin dutse daga Fartenon. Hankali ya tashi, aka ce a yi wani abu. Balanos ya fara da ƙarfafa ɓangaren yamma a 1898, ya wuce sauran gine-ginen tsaunin, Erektiyon mai ginshiƙan 'yan mata da kuma babbar ƙofa, sannan a shekarun 1920 ya dawo ya tayar da ginshiƙan arewa da suka yi sama da shekara 200 a kwance.

Kayan zamaninsa ya yi amfani da su: ƙarfe da siminti. Inda dutse ya tsage, ya ɗaure da ƙarfe. Inda dogon dutsen da ke kan ginshiƙai ya karye, ya huda cikinsa ya zura katon ƙarfe. Inda gunduwa ta ɓace, ya cike da kankare ko wani dutse daban. Ƙarafunan nan kuwa, ba a yi musu rigar dalma irin ta dā ba. Siminti aka toshe da yawansu da shi, a bisa tunanin cewa zai kare su.

Don adalci, ba shi kaɗai ya yi wannan tunanin ba. A 1931 masana gyaran tsoffin gine-gine daga ƙasashe daban-daban suka yi taro a Atens ɗin, suka hau suka ga aikinsa, kuma matsayar da suka fitar ta amince a yi amfani da kankare mai rodi wajen irin wannan gyara, muddin an ɓoye shi. A lokacin kankare sabon abu ne mai ban sha'awa, ana ganin ba ya tsufa. Shekarun da ya yi a duniya ba su kai a ga tsufansa ba.

Yanzu bari mu shiga ɗakin gwaji. Idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da oksijin, sai ya zama tsatsa. Wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya lura da shi ba, tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, ninki biyu zuwa shida, gwargwadon irin tsatsar. A sarari ba komai, ɓarɓashi ne zai zube. Amma idan ƙarfen yana matse a cikin rami, tsatsar ba ta da inda za ta je, sai ta tura bangon ramin. Ka taɓa ganin linta ko filar gida da kankarenta ya ɓamɓare, rodi ya leƙo ja wur? To shi ne. Ba rodin ne ya fito ba, kumbura ya yi ya ture abin da ya rufe shi.

Shi kuma mabul, kamar sauran duwatsu, jarumi ne wajen ɗaukar nauyi amma rago ne idan aka ja shi ko aka buɗa shi daga ciki. Ƙarfinsa ta wannan fuska bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa na ɗaukar nauyi ba. Masu fasa dutse sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke huda rami su buga weji. Wato abin da Balanos ya yi, ba da saninsa ba, shi ne dasa ɗaruruwan weji a cikin ginin, ya bar wa ruwan sama aikin bugawa. Simintin ya tsattsage, ruwa ya shiga, tsatsa ta buɗa tsagar, ƙarin ruwa ya shiga. Ga teku kusa, iskarta da gishiri, gishiri kuwa yana hanzarta tsatsa. Ba a yi shekara talatin ba aka fara ganin jan zane yana gangarowa a kan farin dutse, gutsattsari suna faɗowa.

Sai kuma hayaƙi ya ƙara nasa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Atens ta cika da masana'antu da motoci. Mabul asalinsa kalsiyam kabonet ne, ɗan'uwan alli da ɓawon ƙwai. Iskar salfa da ke cikin hayaƙi tana mayar da fatarsa jifsam, wato sinadarin nan da ake silin ɗin fi'obi da shi. Jifsam kuwa ruwa yana wanke shi, inda ruwa bai kai ba kuma sai ya kama toka ya zama baƙin ɓawo. Fuskokin 'yan matan Erektiyon suka fara narkewa kamar sabulu.

Wannan labarin ba baƙo ba ne a wurinmu, ko da kayan sun bambanta. Duk wanda ya tashi a tsohon gari ya ga katangar ƙasa da aka yi wa shafen siminti don a huta da yaɓe duk shekara. Shekara biyu, uku, abin gwanin kyau. Amma ƙasa tana shan damshi tana fitarwa, siminti kuwa ba ya bari. Ruwan da ya samu tsaga ya shige ba ya fita, sai ƙasar ta jiƙe a ɓoye, wata rana a ga ɓawon simintin ya faɗo da rabin katangar. Makuba ba ta da ƙarfin siminti, amma halinsu ɗaya da bangon da take karewa.

Warware gyara ya fi gyara wuya

A 1975 gwamnatin Girka ta kafa kwamiti na musamman don ceto gine-ginen Akrofolis, aka haɗa masana tarihi da injiniyoyi da masu zanen gini da masana sinadarai a tebur ɗaya. Daga cikinsu akwai Theodoros Skoulikidis, masanin sinadarai, wanda ya ba da shawarar a maye gurbin ƙarfen da taitaniyom. Dalilin yana da daɗi. Taitaniyom ma yana haɗuwa da oksijin, har ya fi ƙarfe sauri. Bambancin shi ne, abin da yake samarwa siririn lulluɓi ne da ido ba ya gani, wanda yake manne wa jikinsa ya toshe hanya, sai cin ya tsaya nan. Tsatsar ƙarfe kuwa sakwa-sakwa ce, ruwa yana ratsa ta ya ci gaba da ci. Sannan yadda taitaniyom yake miƙewa da zafi ya yi kusa da na mabul, saboda haka zafin rana da sanyin dare ba sa sa su ja-in-ja. Abin da ya fi burge ni: ana auna kaurin kowane maɗauri ta yadda idan babbar girgiza ta zo, shi ne zai fara lanƙwashewa ko ya tsinke kafin dutsen ya fashe. Da gangan ake sa sabon abu ya fi tsohon rauni.

Sanin magani daban, kai shi inda ciwon yake daban. Ƙarfen Balanos yana can cikin duwatsu, a ƙarƙashin wasu duwatsun masu nauyin tan-tan. Babu yadda za a zare shi sai an kwance ginin. A 1979 aka fara da Erektiyon, aka sauke 'yan matan biyar da suka rage aka kai su gidan tarihi, aka sa kwafi a gurbinsu. Ta shidan tana Landan. Girgizar ƙasar 1981 ta buɗa kusurwar Fartenon ta arewa maso gabas, sai aikin ya koma kansa ƙarƙashin mai zanen gini Manolis Korres, aka kafa injin ɗaga kaya a tsakiyar ginin.

Kowane dutse sai an ba shi lamba, an zana shi, an sauke shi, an ciro ruɓaɓɓen ƙarfe da simintin da hannu, an haɗa gutsattsarinsa da sandunan taitaniyom. Inda wani yanki ya ɓace, sai a ɗauki siffar karayar, a sassaƙa sabon mabul daga tsaunin Fenteli ɗin dai, ya shiga gurbin daidai ba tare da an taɓa tsohon ba. Da yawa daga masassaƙan 'yan tsibirin Tinos ne, inda sassaƙar mabul sana'ar gado ce.

Nan ne batun da na ce ka riƙe ya dawo. Da aka kwance ginshiƙan arewa, sai aka tabbatar Balanos ya cakuɗa gunduwoyin, ta wannan ginshiƙi tana jikin wancan. Ya ɗauke su kamar bulo, duk wanda ya shiga shi ke nan. Sai da aka koma awo, milimita-milimita, ana bin kauri da karkata da alamun guduma, har aka gano gurbin kowacce. Ginshiƙai takwas na tsakiya sun ci daga 2001 zuwa 2010. Ƙaramin ɗakin bautar Atina Nike da ke bakin ƙofa kuwa, sau uku ana harhaɗa shi: a shekarun 1830, a ƙarshen shekarun 1930, sai kuma daga 2000 zuwa 2010.

Wasu abubuwan ba su dawo ba. Ramukan da Balanos ya huda a tsoffin duwatsu suna nan. Inda ya ga gutsattsari biyu ba su dace ba, yakan sassabe bakinsu su yi sumul ya manna. Wannan bakin karayar kuwa shi ne shaida ɗaya tilo da za ta nuna wane gutsure ne ɗan'uwan wane. Irin wannan asara ta samu sassaƙar da ke Landan ma: a 1937 da 1938 ma'aikata suka kankare su da kayan jan ƙarfe da dutsen wasa don su yi fari, suka tafi da fatar asali. A Atens, da lokacin wanke baƙin ɓawon ya yi, da hasken leza aka yi, wanda masu bincike a tsibirin Kiret suka tsara, yana ɗauke dattin ya bar fatar dutsen.

Masu aikin yanzu suna bin Yarjejeniyar Benis ta 1964, wadda ta nemi a mutunta gudunmawar kowane zamani, kuma duk abin da aka ƙara ya zama ana iya bambance shi. Shi ya sa za ka ga faci-faci fari tas a jikin ginshiƙan da suka yi launin zuma. Masu yawon buɗe ido suna ƙorafi a kai, amma ni na fi son facin da ba ya yi mini ƙarya. Shi ya sa kuma aka bar gindin hasumiyar masallacin da matakalarta mai murɗawa a kusurwar kudu maso yamma, aka bar rubuce-rubucen da Kiristoci suka karta a ginshiƙai. Kwamitin ya ƙara wa kansa sharaɗi guda da ya koya daga Balanos: duk abin da aka yi, ya zama wanda zai zo daga baya zai iya cirewa ba tare da ya ji wa dutse ciwo ba.

Ko da haka gardama ba ta mutu ba. A 2020 aka shimfiɗa faffaɗar hanyar kankare a saman tsaunin, aka sa sabon lifta. Hukuma ta ce masu keken guragu da tsofaffi suna da haƙƙin hawa, dutsen yana da santsi, mutane suna faɗuwa, kuma an zuba kankaren ta yadda za a iya ɗaga shi. Masana da yawa a ciki da wajen Girka suka ce an rufe tsohon dutsen da shi ma tarihi ne, kuma an sake zaɓar siffar zamani ɗaya an ɗora wa wurin. Korres, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana warware aikin Balanos, shi ne shugaban kwamitin da ya amince da hanyar.

Sandunan taitaniyom ɗin ma da farin siminti ake kafa su a cikin mabul, wanda aka zaɓa bayan gwaje-gwaje. Duk lissafin ɗakin gwaji yana goyon bayansu, ni ma da za a tambaye ni, da su zan zaɓa. Dalmar magina na farko ta yi sama da shekara 2,400 a bakin aiki. Taitaniyom na farko da aka saka a Erektiyon bai cika hamsin ba tukuna.